Kwana shida a Rum tare da matasa masu nazarin alaƙar addinai

Jirgin ƙasa iri biyu ne ke ɗauko baƙo daga filin jirgin sama na Fiumicino zuwa cikin birnin Rum. Akwai Leonardo Express, wanda ba ya tsayawa sai babbar tashar Termini, tafiyar minti 32. Akwai kuma na gama-gari mai lamba FL1, mai tsayawa a tashar Trastevere. Na biyun na hau, domin abin da ya kawo ni yana wannan unguwa, kuma daga bakin tashar taragon cikin gari mai lamba 8 yana bin titin Viale di Trastevere har ya tsallake kogin Tiber. Wanda ya sayi tikitin takarda ya tabbata ya buga shi a ɗan injin da ke bakin dandali kafin ya hau, don tikitin da ba a buga ba tara yake jawowa.

Mu huɗu aka gayyata, waɗanda muka daɗe a harkar, mu zauna da matasa goma sha biyu, Musulmi da Kirista da Yahudawa. Wasu suna tsakiyar kundin digiri na uku, wasu sun kammala ba da daɗewa ba. Aikinmu mu karanta takardunsu na neman tallafin bincike, mu nuna musu inda za su faɗi tun kafin su aika.

Safiyar farko muka nufi gida mai lamba 89 a kan wancan titi, inda cibiyar PISAI take, wato cibiyar Fafaroma ta nazarin Larabci da Musulunci. Limaman Katolika na ƙungiyar 'Yan Mishan na Afirka, waɗanda ake kira White Fathers, ne suka kafa ta a Tunisiya a 1926, aka dawo da ita Rum a 1964, kuma tun 1975 take fitar da mujallar Islamochristiana. Abin da na so matasan su gani a nan shi ne jadawalin karatu. Ɗalibi ba ya soma magana a kan Musulunci sai ya sha nahawu da sarfu, ya iya buɗe tafsiri da littattafan hadisi da na ilmin kalam ya karanta da bakinsa. Na nuna wa Musulmin cikinmu wannan, na ce su auna kansu da ma'aunin. Wanda zai rubuta kundi a kan aƙidar Kirista bai taɓa leƙa Girkanci ba, ko wanda zai yi magana a kan Attaura bai san harafin Ibrananci ba, kullum aron idon wani zai riƙa yi. Kwamitin tantancewa kuwa yakan gane haka tun daga jerin madogara: duk fassara, babu asali ko ɗaya.

Da rana muka zauna da takarda guda, Nostra Aetate, mai bayyana matsayin cocin Katolika a kan sauran addinai, wadda babban taron limaman Katolika na Batikan na biyu ya zartar ranar 28 ga Oktoba 1965, da ƙuri'a 2,221, masu adawa 88. Ita ce mafi gajarta cikin takardu 16 na taron, sashe biyar kacal. Na uku ya yi magana a kan Musulmi, na huɗu a kan Yahudawa. Bakwai cikin takardun neman tallafin da ke gabanmu sun ambace ta, don haka muka sa aka karanta sashe na uku a fili, jimla bayan jimla, muka tambaya me ta faɗa, me ta yi shiru a kai. Ta girmama Musulmi, ta ambaci tauhidi da Annabi Ibrahim da Annabi Isa da Maryamu da salla da zakka da azumi. Ba ta ambaci sunan Annabi Muhammadu (SAW) ba, ba ta ambaci Alƙur'ani ba. Da yawa cikin masu kafa hujja da ita ba su taɓa lura da wannan ba, saboda taƙaitawar wani suka karanta. Daga wannan shirun ake samun tambayar bincike mai nauyi, kuma irin karatun nan ba a koyonsa sai a gaban wanda ya riga ka.

Kwana na biyu muka ware wa rarrabe tallafi, domin a nan ne wahalar mutane da yawa ke tashi a banza. Kalma ɗaya ake kiransu da ita a sanarwa, amma ba gida ɗaya suke ba. Wani tallafin na zama ɗalibi ne. A 1990 ofishin Batikan mai kula da tattaunawa tsakanin addinai ya kafa gidauniyar Nostra Aetate, wadda ke ɗaukar nauyin mabiya wasu addinai su zo jami'o'in Fafaroma su karanci Kiristanci daga bakin masu shi. Ofishin kansa Fafaroma Paul na shida ya buɗe shi a 1964, daga baya kuma Kadinal Francis Arinze ya shugabance shi har zuwa 2002. Mai neman irin wannan sai ya san tsarin jami'o'in: shekarar karatu tana farawa a Oktoba, darussa da yawa da Italiyanci ake yi, kuma digirinsu na tsakiya, wanda suke kira licenza, shekara biyu ne.

Wani kuma na horon aiki ne. Cibiyar KAICIID, wadda Saudiyya da Ostiriya da Sifaniya suka kafa a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 2012, Batikan na matsayin ɗan kallo, ta koma Lisbon a 2022. Tun 2015 take da shiri na shekara guda ga malamai da masu koyarwa a makarantun addini, ana horar da su dabarun tattaunawa, a ƙarshe kowa ya gudanar da ɗan ƙaramin aiki a cikin al'ummarsa. Irin wannan shiri yana neman mutum mai ɗalibai da cibiya a bayansa. Wanda ya aika musu tsarin kundi mai shafi ashirin ya ɓata hanya.

Na uku shi ne na bincike zalla bayan digiri na uku, kuma shi ne mai agogo. Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus tana da tallafin Georg Forster ga masu bincike daga ƙasashe masu tasowa: wanda bai wuce shekara huɗu da kammala digiri ba yana iya neman wata 6 zuwa 24, da sharaɗin ya samo malamin da zai karɓe shi a Jamus. Tallafin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai yana rufewa a watan Satumba, ba ya karɓar wanda ya haura shekara takwas yana bincike bayan digiri, kuma kada mutum ya zauna fiye da wata 12 cikin wata 36 na baya a ƙasar da yake son zuwa. Biyun ba na addini kaɗai ba ne, mai nazarin addinai zai yi gogayya da masanan tarihi da zamantakewa, don haka harshen wa'azi ba ya aiki a wurin. Muka sa duk wanda ya kammala ya rubuta ranar da ya kare kundinsa a saman takarda, ya lissafa watannin da suka rage masa. Mutum biyu suka gano ƙofa ɗaya za ta rufe musu cikin shekarar.

Sai muka shiga takardun kansu, kuma cutarsu kusan iri ɗaya ce. Shafin farko yakan tafi a kan muhimmancin zaman lafiya. Babu mai musun wannan, shi ya sa ba ya ba da maki. Mai tantancewa yana da tarin takardu a gabansa, abin da yake nema cikin sakin layi na farko shi ne tambaya guda wadda ake iya amsawa, da nassin da za a karanta ko mutanen da za a zauna da su, da wa'adi. "Dangantakar Musulmi da Kirista" suna ne na fage. Yadda malaman tafsiri uku na ƙarni ɗaya suka fassara kalmar "kalimatin sawa'in" a aya ta 64 ta Suratu Ali Imrana, da yadda wasiƙar malaman Musulmi 138 ta Oktoba 2007 ta ɗauki wannan kalma zuwa ga shugabannin Kirista, wannan ana iya gama shi cikin wata goma sha biyu. Cuta ta biyu ita ce jadawalin da bai bar gurbin izinin kwamitin ɗa'ar bincike ba. Duk wanda zai yi hira da mutane sai ya samu wannan izini, yakan ci watanni, kuma a fagenmu ba wasa ba ne: mai bincike yana iya zama da wanda ya sauya addini, ko ma'aurata masu addini biyu, mutanen da fitar sunansu zai iya jefa su cikin haɗari. Takardar da ba ta faɗi yadda za a ɓoye sunaye, da inda za a adana muryoyin da aka naɗa, da ranar da za a goge su ba, ni kaina ba zan sa mata hannu ba. Ta uku ita ce kasafin da ya manta kuɗin biza, inshora, ɗaukar hoton rubuce-rubucen hannu a ɗakunan karatu, da ladan mai fassara.

Na fi daɗewa a kan batun malami mai jagora, domin a ganina kuɗin tallafi guzuri ne kawai, kuma na ga waɗanda suka samu guzurin suka dawo hannu rabbana saboda babu mai karanta musu abin da suka rubuta. Neman jagora yana farawa wata goma sha biyu kafin ranar rufewa. Wasiƙar farko kada ta wuce kalma 200: ka ambaci maƙalarsa guda da ka karanta da gaske, ka faɗi inda tambayarka ta haɗu da tasa ko ta saɓa mata, ka faɗi sunan tallafin da ranar rufewa, ka haɗa taƙaitaccen tsari mai shafi biyu da takardar tarihin karatunka. Wasiƙar da aka aika wa mutum goma da kalmomi iri ɗaya ana gane ta, kuma malaman fagen ba su da yawa, sun san juna. In mako biyu ya wuce shiru, a tuna masa sau ɗaya. In ya amsa, kafin ka ɗaura masa nauyin kanka ka nemi ɗalibansa biyu na baya ka tambaye su: yana karanta rubutu, ko kuwa sa hannu kawai yake yi? Kwana nawa yake ɗauka? Babban suna mai yawo daga taro zuwa taro yakan buɗe ƙofa, amma malama mai matsakaicin matsayi da za ta zauna ta ja layi a ƙarƙashin kowace jimla ta fi shi amfani ga mai farawa.

Bayan an daidaita, a rubuta yarjejeniya ko da rabin shafi ce. Zama sau ɗaya a wata, awa guda. Ɗalibi ya aika abin da bai wuce shafi ashirin ba, kwana goma kafin zaman, da tambayoyi biyu ko uku a sama. Bayan zaman ya rubuta abin da aka cimma ya aika cikin kwana biyu. A kuma fayyace tun farko wa zai sa suna a kan wace maƙala, don wannan shi ke raba malami da ɗalibi a shekara ta biyu. Wasiƙar shaida kuma a nema mako shida kafin lokaci, tare da sanarwar tallafin da tsarin binciken, don wasiƙar da ta ce wane yaron kirki ne ba ta ɗaga kowa. Wadda ta ce ya karanta rubutun hannu kaza ya gano kaza ita ke aiki.

Akwai abin da ya keɓanta da wannan fage, wanda na faɗa wa matasan da dukan zuciyata. Jagora ɗaya ba ya isa. Mai nazarin alaƙar addinai yana tsaye ne tsakanin zargi biyu: mutanensa suna iya ganin ya fara narkewa, jami'a kuma tana iya ganin mai wa'azi ne ya sa rigar bincike. Yana bukatar malami daga addinin da yake nazari, wanda zai ce masa mu ba haka muke fahimtar wannan nassi ba. Yana kuma bukatar malami daga nasa addinin, mai ilmi da mutunci a idon jama'a, wanda zai riƙa ganin aikin tun yana ɗanye, ya tsaya masa ranar da aka tambaya me ya kai ɗanmu coci ko masallaci ko majami'a. Wanda ya yanke wannan igiya yakan dawo da digiri ya tarar babu mai sauraronsa.

Kwana na huɗu muka hau jirgi daga Termini zuwa Asisi, tafiyar kamar awa biyu. Tashar tana ƙasa a Santa Maria degli Angeli, daga nan bas ke hawa da mutum kan tudu. A wannan gari ne Fafaroma John Paul na biyu ya tara shugabannin addinai ranar 27 ga Oktoba 1986 don addu'ar zaman lafiya. Amma abin da ya kai mu yana jikin bangon cocin sama na Waliyyi Faransis: zanen da ke nuna shi a gaban Sarkin Masar al-Malik al-Kamil, wuta na ci a tsakaninsu. Haɗuwar ta faru a 1219 kusa da Dimyat, ana tsakiyar yaƙin 'yan Salibi na biyar. Jacques de Vitry, bishop da ke sansanin a lokacin, ya ba da labarin zuwan Faransis wurin sarkin, bai ambaci wuta ba. Batun ƙalubalen shiga wuta a rubutun Bonaventure, shugaban mabiyan Faransis na lokacin, ya fito, wajen 1263, sama da shekara arba'in bayan abin, shi kuma mai zanen ya ɗauka. A yau ana kawo wannan haɗuwa a matsayin tushen tattaunawar addinai, a zamanin zanen kuwa nasarar wani addini a kan wani ake nufi da ita. Ɗaya daga cikin abokan aikina, Fada mai koyar da tarihin coci, ya tsayar da matasan kusan awa guda a gaban bangon yana sa su jera madogaran bisa shekarunsu, su faɗi wa ya rubuta, don wa, yana son me. Wata matashiya da ta buɗe takardarta da wannan labari ta zauna a kan matakala ta sake sakin layin gaba ɗaya kafin mu sauko.

A jirgin dawowa aka yi maganar wallafa. Shawarata maƙala ɗaya mai kyau a mujallar da masana ke bita ba tare da sanin sunan marubuci ba, kafin a nemi tallafin bayan digiri. Akwai The Muslim World, wadda aka fara a 1911 kuma take fitowa daga Hartford ta Amurka, akwai Islam and Christian-Muslim Relations tun 1990, akwai Journal of Interreligious Studies da ake karantawa kyauta a intanet. A karanta fitowa uku na baya kafin a aika, kada a aika maƙala ɗaya wuri biyu a lokaci guda, kuma a sa ran watanni kafin amsa. In amsa ta zo cewa a gyara a sake turowa, albishir ne; a kai wa jagora a bi gyaran ɗaya bayan ɗaya, a rubuta wa edita abin da aka karɓa da abin da aka ƙi da dalili. Mujallar da ta yi alkawarin bugawa cikin mako biyu in an biya kuɗi, tabo ce a takardar mutum.

Ranar Juma'a Musulmin cikinmu suka yi salla a babban masallacin Rum da aka buɗe a 1995 a gindin tudun Monte Antenne, sauran suka jira a harabar. Da la'asar, kafin Asabar, ranar hutun Yahudawa, ta shiga da faɗuwar rana, muka tsaya a gaban babbar majami'ar Yahudawa ta 1904 a bakin Tiber, wadda John Paul na biyu ya ziyarta ranar 13 ga Afrilu 1986. Da dare muka gwada salon karatun nassi tare wanda malaman jami'a Peter Ochs, Bayahude, da David Ford, Kirista, da abokansu suka raya a shekarun 1990: gajerun nassoshi uku a kan jigo ɗaya, mutum shida zuwa takwas a da'ira, kowane nassi mai shi ya gabatar cikin minti biyar, sannan kowa ya yi tambaya. Ba a neman a cimma matsaya. Inda yake lalacewa shi ne in mutum ɗaya ya mai da kansa kakakin addininsa duka, ko in mai gabatarwa ya ci rabin lokacin. Mai tsare lokaci da agogo a hannu yana maganin duka biyun.

Zaman ƙarshe na takardun tafiya ne, don an sha samun tallafi a rasa zangon farko saboda biza. Bizar Shengen ta gajeren zama, wadda ake shiga Italiya da yawancin ƙasashen Turai da ita, kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, tana bukatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, amsa takan zo cikin kwana 15 amma tana iya kaiwa 45. Wanda zai wuce kwana 90 a Italiya bizar ƙasa mai harafin D zai nema, kuma ba a juya gajerar ta koma doguwa bayan an shigo. Da isowa yana da kwanakin aiki takwas ya nemi izinin zama, permesso di soggiorno, ta ofishin gidan waya, ya riƙe rasit ɗin kamar fasfo. Sai lambar haraji, codice fiscale, wadda ba a yin hayar ɗaki ko buɗe asusun banki sai da ita. Alawus na farko yakan jira asusun, asusun yana jiran lambar, don haka kowa ya zo da abin da zai riƙe shi wata biyu, ya kuma tambayi mai ba da tallafi a rubuce ko kuɗin jirgi shi zai fara biya a mayar masa daga baya. Sunan da ke kan fasfo da na kan shaidar digiri da na kan wasiƙar gayyata su zama harafi ɗaya. Bambancin Muhammad da Mohammed ya isa ya tsayar da takarda.

Kafin a watse muka raba matasan a tsakaninmu, uku uku, na tsawon shekara guda. Kowane ya rubuta a kati ranar rufe tallafin da yake nema, ya ƙirgo baya: mako shida na wasiƙun shaida, wata uku na gyaran tsari, wata goma sha biyu na wasiƙar farko ga mai masauki. Nawa ukun muka sa ranar zaman farko ta bidiyo, muka daidaita agogon ƙasashe uku, na ce shafi goma nake jira daga kowa kwana goma kafin ranar. Daga nan na ja jakata zuwa tashar Trastevere, na buga tikiti, na hau FL1 mai komawa Fiumicino da katuna uku a aljihun gaba.